Gubar da ke kwance a lakar teku: abin da kawa da ƙaguwa ke tarawa a jikinsu

Ana iya ɗebo ruwa a gaɓar teku kusa da gari mai masana'antu, a kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna cewa dalma ko zaibar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. A wannan wurin dai, in aka ciro kawa daga ƙasan ruwan aka auna namanta, sai a tarar ƙarfen da ke jikinta ya ninka na ruwan sau dubbai. Duka gwaje-gwajen biyu gaskiya suka faɗa. Ruwan gaɓa ba ya zama, yana cika yana janyewa sau biyu a yini a mafi yawan wurare, kullum sabo na maye gurbin tsoho. Laka kuwa tana nan, haka ma halittun da ke rayuwa a cikinta da kuma a kanta: kawa da danginta masu ɓawo biyu, dodon koɗin teku, ƙaguwa, jatan lande, tsutsotsi, da kifayen da ke kwanciya a ƙasa.

Ƙarafan da ake magana a kansu su ne zaiba, dalma, kadmiyam, jan ƙarfe, tutiya, kuromiyam da nikel, ana kuma haɗawa da arsenik. Ba dukansu ne abokan gaba ba. Jiki na buƙatar ɗan tutiya da ɗan jan ƙarfe, jinin ƙaguwa ma da jan ƙarfe yake ɗaukar iskar shaƙa, shi ya sa yake shuɗi-shuɗi maimakon ja. Sai sun yi yawa suke zama guba. Zaiba da dalma kuwa babu wani amfani da aka san suna yi wa jikin mutum ko na dabba. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba sa ruɓewa. Man fetur da ya malala a ruwa, ƙwayoyin bakteriya na cin sa a hankali har ya ragu. Ƙazantar masai tana ruɓewa. Ƙarfe sai dai ya sauya wuri ko ya sauya kama.

Hanyoyin shigowarsa teku sanannu ne: ruwan ramukan haƙar ma'adinai, masana'antun narka ƙarfe, majemar zamani da ke aiki da kuromiyam, tsofaffin batura, tarkacen kayan lantarki, hayaƙin gawayin kwal, takin zamani na fosfet mai ɗauke da kadmiyam, da fentin jiragen ruwa. Galibinsu kogi ne ke kawo su.

Abin da ke faruwa a bakin kogi

Wanda ya taɓa zuba ruwan kogi mai duhu a randa ya san da safe sama zai yi garau, laka ta taru a gindi. Haka abin yake inda kogi ke haɗuwa da teku, sai dai a can gishiri ne ke gaggauta aikin. Ƙarafan ba su cika son yawo su kaɗai cikin ruwa ba. Suna manne wa ƙananan ɓurɓushin yumɓu, da tsatsar ƙarfe, da ruɓaɓɓun ganye da sauran tarkacen halittu. A ruwan daɗi wannan ɓurɓushi yana iya yin tafiya mai nisa bai nutse ba. Da ya haɗu da ruwan gishiri sai ya dunƙule, ya yi nauyi, ya sauka. Saboda haka lungunan teku, tafkunan gaɓa, tashoshin jiragen ruwa da dazukan bakin ruwa, duk inda ruwa ke lafawa, su ne matattarar wannan kaya. Gaɓa mai rairayi wadda igiya ke duka dare da rana ba ta riƙe shi sosai. Laka mai laushi ce ke riƙewa.

Daga nan labarin ya ɗan yi sarƙaƙiya. In aka tona lakar ƙasa kaɗan, za a ga ta koma baƙa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Babu iskar shaƙa a wurin, kuma akwai sinadarin salfaid da bakteriya ke samarwa. Wannan sinadari yana kama dalma, kadmiyam, tutiya da jan ƙarfe ya ɗaure su tamau, ta yadda ba sa narkewa balle su shiga jikin dabba da sauƙi. Wato laka na iya cika da ƙarfe amma cutarwarta ta zama kaɗan, muddin ba a taɓa ta ba. Ranar da aka zo yashe tashar jiragen ruwa, ko guguwa ta motsa ƙasan, ko jirgin kamun kifi ya ja komarsa a kai, iska ta shiga, ɗaurin ya kwance. Masana'antar da aka rufe shekaru arba'in da suka wuce tana iya sake sa wa kifi guba ta wannan hanya.

Mazauna lakar

Kawa ba ta farauta. Tana zaune wuri guda tana zuƙar ruwa, tana tace abin da ke ciki ta ci, kuma babbar kawa na iya tace fiye da lita ɗari a yini idan yanayi ya yi mata daidai. Duk ɓurɓushin da ƙarfe ya manne wa yana bi ta jikinta. Tsutsotsi da wasu masu ɓawo su kuma lakar kanta suke haɗiya, su narkar da abincin da ke ciki su fitar da saura. Ƙaguwa na cin waɗannan, tana kuma cin mushe.

Da a ce gubar tana kashe su nan take, da an huta, domin babu mutumin da zai ci abin da ya tarar a mace a gaɓa. Matsalar ita ce da yawansu sun iya zama da ita. Jikinsu na ƙera wani furotin da ke kama ƙarfen ya riƙe, ko kuma ya dunƙule shi ya zama ƙananan tsakuwoyi a cikin ƙwayoyin jiki, ya ajiye a gefe. Dabbar tana raye, tana girma, tana hayayyafa, alhali ta zama rumbun guba.

A yankin Cornwall na Ingila akwai wani lungun ruwa da ake kira Restronguet, wanda ya shafe ɗaruruwan shekaru yana karɓar ruwan ramukan haƙar kuza da jan ƙarfe. A 1971 masu bincike biyu, Bryan da Hummerstone, suka nuna cewa tsutsar da ke lakar wurin tana jure jan ƙarfen da zai kashe 'yar'uwarta ta wani wuri mai tsabta. Ta saba, har abin ya zama gado. Amma kifi da tsuntsun da ke cin ta ba su gaji wannan juriya ba. A Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, a farkon shekarun 1970, mutanen da suka ci kawar bakin kogin Derwent sun yi ta amai, aka bincika aka tarar tana maƙare da tutiya da kadmiyam daga masana'antar narka tutiya da ke kusa da birnin Hobart. Har yanzu hukumomin lafiya na can suna gargaɗin kada a ci kawar wannan ruwa. A Taiwan kuma, a 1986, naman kawar da ake kiwo kusa da bakin kogin Erren ya rikiɗe ya zama kore saboda jan ƙarfen da masu sarrafa tarkacen ƙarafa ke zubarwa. Wannan ma da sauƙi, tunda ido ya gani. Galibi babu launi, babu wari, babu ɗanɗano.

Zaiba daban take

Mutane kan ce guba tana ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba. Wannan ba gaskiya ba ne ga kowane ƙarfe. Dalma da jan ƙarfe ba su cika hawa haka ba, sau da yawa ma kawar da ke ƙasa ta fi babban kifin da ke sama ɗauke da su. Wadda take hawa babu ko tantama ita ce zaiba, idan ta haɗu da sinadarin metil. A wannan siffar hanji na tsotse kusan dukanta, tana shiga tsoka ta manne wa furotin, tana tsallake shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, tana kuma ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Jikin mutum na ɗaukar kusan wata biyu kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga. Mai cin kifin kullum yana zubawa fiye da yadda yake kwashewa.

Duniya ta koyi wannan ne a Minamata, wani garin masunta da ke lardin Kumamoto a kudancin Japan. Kamfanin Chisso ya kafa masana'anta a garin a 1908, kuma daga 1932 ya fara haɗa wani sinadari da ake amfani da zaiba wajen yin sa. Ruwan dattin yana fita ta tashar Hyakken ya shiga lungun tekun garin. Tun farkon shekarun 1950 alamu suka bayyana: kifi na tasowa a mace, hankaki na faɗowa daga sama, kyanwoyi na tangaɗi suna juyi kamar masu rawa, wasu su faɗa ruwa su mutu. A watan Afrilun 1956 aka kai wata yarinya 'yar shekara 5 asibitin kamfanin, ba ta iya tafiya, maganarta ta sarƙe, tana jijjiga. Bayan kwanaki ƙanwarta ta biyo. Ranar 1 ga Mayu, shugaban asibitin, Dakta Hajime Hosokawa, ya kai rahoto ga hukumar lafiya cewa wata cutar jijiyoyi da ba a san ta ba ta ɓulla. Zuwa Oktoba an gano mutum 40, 14 daga ciki sun rasu.

Da farko an zaci annoba ce mai yaɗuwa. Aka riƙa fesa magani a gidajen marasa lafiya, maƙwabta suka ƙaurace musu. Amma tun watan Nuwamban wannan shekarar masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka ce wani ƙarfe mai nauyi ne ke shiga jikin mutane ta hanyar kifi da kawa. Iyalan da abin ya fi shafa na masunta ne, waɗanda abincinsu safe da yamma daga wannan ruwa yake, har da abin da mata da yara ke tsintowa a gaɓa in ruwa ya janye.

Nan ne wurin da ya fi ci mini rai a tarihin. A 1957 gwamnatin lardi ta nemi yin amfani da dokar tsabtar abinci don haramta kamun kifi a lungun, sai Ma'aikatar Lafiya ta ƙasa ta amsa cewa babu hujja ƙarara da ke nuna dukan kifi da kawar wurin na ɗauke da guba, don haka dokar ba za ta hau ba. An san ta inda cutar ke shiga, ba a dai san sunan sinadarin ba, sai aka bar ƙofar a buɗe ana jiran suna. A 1958 kamfanin ya karkatar da ruwan dattinsa zuwa bakin kogin Minamata, gubar ta bazu cikin tekun Shiranui, ƙauyukan da a da ba su sani ba suka shiga ciki.

A 1959 aka auna lakar. Kusa da magudanar kamfanin an samu zaiba har kimanin kilo 2 a kowane tan, adadin da ya kai a ce ma'adini ne a haƙa. A wannan shekarar Hosokawa ya riƙa zuba ruwan dattin masana'antar a abincin kyanwoyi, kuma wadda aka yi wa lamba 400 ta kamu da cutar. Kamfanin ya ɓoye sakamakon ya tsayar da gwajin. Sai a 1970, yana kwance a gadon asibiti dab da rasuwarsa, ya ba da shaidar hakan ga kotu. Cikin wannan tsakani an yi ta haihuwar jarirai masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa daga uwayen da su kansu ba su nuna wata babbar alama ba. Likitoci a lokacin sun ɗauka mabiyiya na tare guba. Al'adar Japanawa ta adana busasshiyar cibiyar jariri ita ta ba masu bincike irin su Masazumi Harada damar komawa baya su auna zaibar da ta shiga yaran tun suna ciki.

Irin wannan cuta ta sake ɓulla a Niigata a 1965, a kogin Agano, daga wata masana'antar daban. Gwamnatin Japan ba ta amince a hukumance cewa ruwan Chisso ne sanadi ba sai ranar 26 ga Satumban 1968, shekara 12 bayan rahoton farko, watanni kaɗan bayan kamfanin ya daina wannan aikin don kansa. Zuwa Maris ɗin 2001 mutum 2,265 aka tabbatar a hukumance sun kamu, 1,784 daga cikinsu sun riga sun rasu, ban da dubban da aka biya diyya ba tare da an sa su a wannan lissafi ba. A 2004 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce gwamnatin tarayya da ta lardi suna da alhakin barin cutar ta yaɗu.

Gyaran fa? Rufe magudana bai wadatar ba, domin lakar na nan. A 1974 aka shinge lungun da raga don kada kifin ciki ya fita, ana kama shi ana zubarwa. Daga 1977 zuwa 1990 aka yashe duk lakar da zaibarta ta wuce miligiram 25 a kilo, aka tara ta a ɓangaren da ya fi lalacewa, aka killace da bangon ƙarfe, aka rufe da ƙasa. Filin da aka samu ya kai hekta 58, aikin ya ci yen biliyan 48.5. Sai a 1997 aka cire ragar. Zaibar ba ta tafi ko'ina ba, tana ƙarƙashin wurin shaƙatawar da aka gina a kai.

Akwai wani abin da ya bambanta Minamata da sauran wurare, kuma shi ya sa batun ya shafi kowa. A can, zaibar mai metil a cikin masana'anta aka haɗa ta, ta fito a shirye. Da an tsaya nan, da sai a ce matsalar ta masu irin wannan masana'anta ce kawai. Amma a 1969 wasu masana biyu na ƙasar Sweden, Jensen da Jernelöv, suka nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin laka suna iya ɗaukar zaiba ta yau da kullum su mayar da ita mai metil. Daga baya aka gano cewa manyan masu wannan aiki su ne bakteriyar nan da ke zaune a baƙar laka marar iska. Lakar da ke ɗaure dalma da kadmiyam, ita ce kuma ke dafa zaiba ta zama mafi muni. Tsutsa da kawa da jatan lande su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, har a kai ga kifin tuna da kifin shak, waɗanda suka fi kowa tarawa.

Ba kowane labari ne ya ƙare haka ba. Fentin jirgin ruwa mai sinadarin kuza da ake kira TBT ya kusa kashe sana'ar kiwon kawa a Arcachon ta Faransa a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma sa matan dodon koɗin teku suna fitar da gaɓar namiji har su kasa haihuwa. Faransa ta hana shi ga ƙananan jirage a 1982, haramcin duniya ya fara aiki a 2008, kuma dabbobin sun farfaɗo a wurare da dama.

Karanta sakamakon gwaji

Tunda kawa ba ta zuwa ko'ina kuma tana tara abin da ya ratsa ta na tsawon watanni, sai masana suka mayar da ita ma'auni. Edward Goldberg, wani masanin teku ɗan Amurka, shi ne ya ba da shawarar a 1975, kuma tun 1986 hukumar kula da teku ta Amurka ke tattara kawa daga gaɓoɓin ƙasar tana aunawa. Hanya ce mai araha idan aka kwatanta da auna ruwa kullum.

Sai dai alƙaluman na da tarko, kuma rahotannin jarida sukan faɗa ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na naman kawa ruwa ne, don haka adadin da aka auna a busasshen nama ya kai ninki biyar na ɗanye. Ƙa'idojin abinci kuwa a kan ɗanye aka gina su. Tarayyar Turai, alal misali, ta ƙayyade wa kawa miligiram 1.5 na dalma a kilo, 1 na kadmiyam, 0.5 na zaiba. Wanda ya ɗora adadin busasshe a kan wannan ma'auni zai tayar da hankalin jama'a a banza. Arsenik ma haka: yana da yawa a abincin teku, amma galibinsa a wata kama yake da jiki ke fitarwa ta fitsari ba tare da wata illa ba, saboda haka jimillar adadinsa ba ta faɗin komai sai an rarrabe. Sashen jiki ma na da tasiri. Kadmiyam a ƙaguwa yana taruwa ne a naman nan mai ruwan ƙasa da ke cikin ƙoƙonta, ba a farin naman ƙafafu da hannuwa ba. Girman dabba, shekarunta da lokacin da aka kama ta duk suna sauya lissafi.

Dafuwa kuma ba ta magani. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta, ba ta taɓa ƙarfe. Shanyawa da ƙyafewa ruwa kawai suke cirewa. Jiƙa kawa a ruwa mai tsabta na kwana ɗaya ko biyu yana fitar da yashi da ƙazantar cikinta, amma abin da ya riga ya shiga nama yana nan.

Gaɓar Afirka ta Yamma na da kusan duk abin da ake buƙata don wannan matsala ta samu wurin zama: tafkunan gaɓa irin na Legas da na Korle a Accra, inda kogin Odaw ya daɗe yana wucewa ta wurin ƙona tarkacen lantarki na Agbogbloshie kafin a rushe wurin a 2021, da dazukan bakin ruwa masu baƙar laka daga Neja Delta har Gambiya, inda mata ke tsintar kawa da dodon koɗi. Ga kuma zinare. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce ƙananan masu haƙar zinare ne ke fitar da kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska, fiye da kowace sana'a. A Ghana kogunan Pra da Ankobra na ratsa yankunan haƙar da ake kira galamsey kafin su zuba a teku. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Bagega da Dareta da sauran ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan ƙarfen da ke fitowa tare da zinare ba. Bambancin kawai, na Zamfara ƙura ce a tsakar gida, ta kashe cikin watanni. Na kogi yana tafiya a hankali, ya sauka a kwanon mutanen da ba su taɓa ganin ramin haƙa ba.

Wannan ba dalili ba ne na gudun kifi ko busasshen jatan landen da ake sa wa miya. Ƙananan halittu masu gajeren rai galibi zaibarsu kaɗan ce, kuma ɗan abin da ake barbaɗawa a tukunya bai kai ya kawo ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai ci kullum daga lungu guda, musamman mace mai ciki da ƙaramin yaro, kuma yawanci shi ne talakan da ba shi da wani nama sai wannan. A ganina nan ya kamata kuɗin bincike ya tafi: lakar wuraren da ake tsinta, naman abin da ake tsintowa, da gashin kan masu ci, tunda gashi na riƙe tarihin zaibar da ta shiga jiki wata bayan wata.

Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda aka amince da ita a Kumamoto a Oktoban 2013 ta kuma fara aiki a Agustan 2017, ta haɗa da Najeriya, Nijar da Ghana. Ba ta haramta ƙaramar haƙar zinare ba. Ta dai wajabta wa duk ƙasar da sana'ar ke da ƙarfi a cikinta ta tsara shirin rage zaiba, ta kuma ambaci ayyuka huɗu da za a fara kawarwa: zuba zaiba a kan dukan niƙaƙƙen dutse tun kafin a tace shi, ƙona curin zaiba da zinare a fili, ƙona shi a cikin unguwa, da zuba sinadarin sayanaid a kan ragowar ƙasar da zaiba ta riga ta shiga.